Ranar da Inna Ta Shiga Darasin Suhaib

Suhaib ɗan aji shida ne a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi. Ba shi da buri sai ya shiga gasar lissafi ta makarantun ƙaramar hukumar Tarauni. Yara uku kacal za a ɗauka. Malam Isyaku ne zai zaɓa, a darasin da yake yi musu ta waya duk Asabar da hantsi.

Dokar Malam ɗaya ce: "Kowa ya buɗe kyamara. Ina so in ga fuska, in ga littafi."

To, wata Juma'a Abba ya kai Suhaib wajen mai aski, ya ce a kwashe duka. Kai ya fito tal, har ƙyalli yake. Suhaib ya duba madubi ya ce, "Na shiga uku! Bello ɗan ajinmu zai kashe ni da tsiya."

Washegari ya karɓi wayar Umma, ya shiga darasi, ya rufe kyamara.

"Suhaib, ban gan ka ba," in ji Malam.

"Malam, sabis ne babu ƙarfi."

Ƙarya ce fa tsagwaronta! Kuma abin haushi, ta yi masa daɗi. Tunda ba mai ganinsa, ya kishingiɗa, ya ɗora ƙafa a bango. Can sai ƙamshin awarar Hadiza mai suya ya taso daga bakin layi.

"Minti biyu ne," in ji shi a ransa. Ya ajiye waya a tabarma, ya fice.

Inna, kakarsa, tana gefe tana tsintar shinkafa. Sai ta ji waya na ta kira: "Suhaib! Amsa tambaya ta uku!"

Inna ta ɗauka. Ta danna nan, ta danna can, kyamara ta buɗe. Yara goma sha biyu suka ga hancin Inna ya cika waya.

"Salamu alaikum. Wa ke magana?"

"Malam Isyaku ne, Hajiya. Ina kwana?"

"Af, Malam! Lafiya lau. Ya iyali? Ya fama da yaran nan?"

"Alhamdu lillahi. Ina Suhaib?"

"Ai ya tafi sayen awara. Tun jiya yake ɓoye-ɓoye, wai an yi masa tal-kwabo. Ka ga kan kuwa? Kamar sabuwar ƙwarya!"

Aji ya kwashe da dariya. Daidai nan Suhaib ya shigo, baki cike da awara. Ya tsaya ƙiƙam. Inna ta juya masa waya, kowa ya ga kan.

"Suhaib, sabis ya dawo?" in ji Malam.

"Ya dawo, Malam."

"To, ji nan. Wanda ban gani ba, ba zan zaɓa ba. Yau na ɗauki Safiyyah da Bello. Saura mutum ɗaya, sai Asabar mai zuwa."

Awara ta fita daga ransa. Kunya ta kama shi, ya fashe da kuka.

Bayan darasi Umma ta ji labari, ta ce, "Saboda gashi ka yi wa malaminka ƙarya? Gashin da zai tsiro nan da sati biyu? Kira shi ka ba shi haƙuri."

Ya kira, ya ba da haƙuri.

Ran Asabar Suhaib ya riga kowa buɗe kyamara, ko hula bai sa ba. Bello ya yi 'yar dariya, shi ke nan, aka wuce.

"Matso da littafin," in ji Malam. "Yauwa, na kama ɓarawon! Kana manta sifili a nan. Da ban gani ba, da haka za ka je gasa da shi."

Suhaib ya gyara. Tambaya biyar aka ba su, ya ci duka.

"Na ukunmu Suhaib ne," in ji Malam.

Suhaib ya daka tsalle. Daga bayansa Inna ta leƙo: "Malam, a gaida iyali!"

Tun daga ranar bai ƙara rufe kyamara ba. Ya gane cewa sai malami ya gan ka, ya ga aikinka, sannan zai iya gyara maka.