Geron da Ƙwaro Bai Ci Ba

A shekarar Udoji, damina ta yi tsakiya, Sufeto Zailani yana ofishinsa a Faskari sai ga mai unguwa daga Tafoki a kan keke, yana haki. Ya ce wata yarinya ta rasu da safe, mutane kuma sun taru a ƙofar gidan Ɗanasabe za su cinna masa wuta.

"Wane ne Ɗanasabe?"

"Bamaguje ne, Yallaɓai, mai magani. Sun ce shi ke watsa ƙarara a gidan Mani, uban yarinyar, har abin ya kai ga rai."

Sufeto ya kira Kofur Gide, suka hau Landiroba.

Sun tarar an riga an kai yarinyar. Sunanta Mero, shekararta uku, mai wushirya da yawan tambaya. Allah Ya jiƙanta. Sufeto ya dubi taron ya ce, "Ku ba ni kwana biyu. Wanda ya ƙyasta ashana kafin nan, a bayan kanta zai ci tuwo." Ya bar Kofur a ƙofar Ɗanasabe, ya nemi izinin shiga gidan makoki.

Uwar yarinyar, Adama, tana zaune a bakin ɗaki. Bayan gaisuwa ta miƙo hannayenta. Ƙananan jajayen ƙuraje ne tun daga yatsu har gwiwar hannu. Daga nan sama babu ko ɗaya.

"Tun yaushe?"

"Wata biyu. Su fito in yi ta susa har jini. Su lafa, in ce na rabu da su, bayan sati biyu su dawo."

"Maigidan fa?"

"Shi ko ɗaya bai samu ba."

"Yarinyar?"

"Ita a baki suke fito mata. Jiya dai ta hau amai da karkarwa." Adama ta kalli wani ɗan ƙoƙo da ke gindin turmi.

Abin ya ɗaure wa Sufeto kai. Ƙarara ba ta zaɓen mutum. In an watsa ta a gida, kowa sai ya sosa, har gadon baya. Wace irin ƙarara ce take tsayawa a gwiwar hannu, kuma take lissafin sati?

Ya je wajen Ɗanasabe, wani dattijo siriri da ke zaune cikin jikokinsa, duk sun tsure.

"Baba, mene ne tsakaninka da gidan Mani?"

"Ba komi. Ko hanyar ba ni bi."

"To kaskon maganin shafawa da na gani a ɗakin Adama, irin waɗannan na jikin dangarka, da ƙafarsa ya je?"

Dattijo ya sunkuyar da kai. "Uwar Mani ta zo ta amsa a ɓoye. Na ji tsoro ne in faɗi, su ce shi ya kashe ɗiyar. Amma shekara arba'in ina maganin ƙarara, wannan ba ita ba ce. Ka tambaye su akuyarsu."

Sufeto ya koma ya tambaya. Adama ta ce lallai akuyarsu ta mutu wancan watan, jim kaɗan bayan ta sha ruwan wankin surfe.

"Surfen me?"

"Gero. Kullum dawa muke ci, sai in Malam ya fiddo gero in yi fura."

"Sau nawa yake fiddowa?"

Ta ɗan yi tunani. "Sati bibbiyu."

"Damin kike sussukawa?"

"A'a. Rabona da sussuka wata biyu. Tsaba yake ba ni, ya ce ya sa an sussuke."

"Yarinyar tana taɓa geron?"

"Gumba take so. In ina daka ba ta barin gindin turmi sai na ɗibar mata a ƙoƙonta."

Sufeto ya sa aka kawo ragowar geron, ya kuma karɓi ƙoƙon Mero ya ajiye. Shi ma ɗan manomi ne, ya san yadda geron bara yake a wannan lokaci, ga ƙwari, ga gari a gindin kwano. Wannan kuwa fes, kamar jiya aka yanke shi. Ya sunsuna, ya ji wani ɗan wari kamar na kananzir.

Ya ja Mani bayan gida. "Daga ina geron nan?"

"Daga rumbuna, ranka ya daɗe."

"Hau ka ɗage murfin mu gani."

Mani ya tsaya ƙiƙam. Sufeto ya cire takalmi ya hau da kansa. Ba komai a ciki sai kashin ɓera.

Mani ya durƙushe. "Tun shekarar farin nan ban farfaɗo ba. Ubana bai taɓa awo a kasuwa ba, kakana ma haka. In aka gan ni ina awo, da wane ido zan dubi mutane? Ko iyalina ban bari sun sani ba."

"Wa ke auna maka?"

"Alhaji Rabo, mai zuwa da lori daga wajen Ƙanƙara. Ta bayan rumfa yake miƙo mini."

Washegari ranar kasuwa ce. Sufeto ya sa kayan gida, ya tsaya nesa da layin 'yan hatsi yana kallo. Kowane mai awo da hannu yake cika tiya, ya tara tozo, ya kare da tafinsa. Alhaji Rabo shi kaɗai ke tura gero da ɗan katako. Hannunsa bai taɓa shiga buhu ba.

Sufeto ya matsa ya tsuguna. "Alhaji, geron nan naka ko ƙwaro tsoronsa yake."

Alhaji ya yi dariya. "Ajiya ce, malam, sai wanda ya iya."

Sufeto ya fiddo ɗan ƙoƙon Mero daga aljihu. Ragowar gumbarta tana ciki, ya yayyafa mata ruwa. "Ga gumbar geronka. Bismilla."

"Azumi nake."

"Da goro a baki?"

Masu awon da ke kusa suka tuntsire da dariya. Wani ya ce, "Sha mana, Alhaji, mu ma mu koyi ajiyar!"

"To bar gumbar," in ji Sufeto. "Cusa hannunka a buhun nan har gwiwa."

Alhaji ya ɗago, ya ga Kofur Gide tsaye a bayansa da kaki. Goron ya faɗo daga bakinsa.

"Mai wannan ƙoƙon shekararta uku," in ji Sufeto. "Jiya aka binne ta. Me ka zuba?"

"Maganin feshin auduga ne," in ji Alhaji. "Kaɗan nake yayyafawa don kada ƙwari su cinye mini. Wallahi na ɗauka in an wanke an dafa zai fita."

"A gidanka ana cin sa?"

Kofur ya ɗaura wa Alhaji ankwa, aka loda buhunan a Landiroba, aka aika Sabuwa da Ƙanƙara cewa duk wanda ya auni geronsa ya binne.

Da la'asar Sufeto ya tsaya a ƙofar Ɗanasabe ya faɗi abin da ya gano. Taron ya watse ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon wani. Mani ne kaɗai ya tsaya, ya durƙusa gaban dattijon.

Sufeto ya mayar wa Adama ƙoƙon, a wanke. Ta karɓa da hannu biyu.

"Gumbar ce, Yallaɓai?"

"Abin da aka zuba wa geron ne."

"Amma ni na ba ta."

Sufeto ya yi mata sallama ya fita.

Ƙurajen sun warke cikin mako guda, ba su sake dawowa ba. Adama ta haifi wasu 'ya'ya biyar bayan Mero, ba ko ɗaya da ya taɓa cin gumba daga hannunta.