Adireshin Kwamfutar Auta

Da hantsi wata mata ta shigo caji ofis, hannun rigarta duk farin alli, alamar daga aji ta fito. Malamar lissafi ce a sakandaren da ke bayan ofishin. Saje ya nuna mata benci ta ƙi zama, sai ya wuce da ita wurin Sufeto.

Ta ce an ɗauke kwamfutar mijinta daga durowar ɗakin kwananta. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa talabijin ba, sarƙarta ma tana nan a gaban madubi. Kwamfutar kuma tsohuwa ce, murfinta a tsage, ko kyauta aka ba wani sai ya yi tunani. Sufeto ya tambayi inda mijin yake. Ta ce ya rasu bara.

Sufeto ya ajiye biro. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawar katse shirun mutum.

"Malama, me ke cikinta?"

"Muryarsa."

Mijin nata injiniyan hanyoyi ne, danginsa na kiransa Auta. Aiki kan kai shi nesa ya daɗe, shi kuma rubutu bai dame shi ba, sai ya naɗi murya ya aiko wa matarsa da mahaifiyarsa. Duk saƙonnin suna ajiye a asusunsa na intanet, kwamfutar kuwa da ta samu intanet take shiga asusun da kanta. Malama ta ce tana iya rufe ƙofar asusun daga wayarta yanzu-yanzu, ko ta rufe ne, abin da ta zo tambaya ke nan.

Sufeto ya roƙe ta kada ta rufe. Ya ce duk ranar da kwamfutar ta hau intanet, asusun zai nuna adireshin da ta fito, kuma shi ne kaɗai sawun da za su iya bi. Ta sunkuyar da kai. Ta ce akwai maganganun da ya faɗa mata ita kaɗai, ga shi yanzu wani baƙo zai zauna ya saurara, ko ma ya goge. Ya ce ya sani, kuma ba ƙaramin abu yake nema a wurinta ba. Da ƙyar ta amince.

Suka tafi gidan, a hawa na biyu na wani dogon bene. A falo suka tarar da yayar marigayin, mace mai jiki da fara'a, wadda kowa a gidan ke kira Yaya. Ta rungume Malama, ta ce da jin labari ta baro komai ta taho. Da Sufeto ya tambayi masu shiga gidan, aka ce mutum biyu ne: mai gyaran famfo da ya yi aiki a banɗaki cikin makon, sai Yaya mai riƙe da makulli ɗaya tun Auta na raye.

Yaya ta ce ita rabonta da shiga ciki an kwana biyu. Ranar da aka yi gyaran famfon ma a bakin ƙofa ta tsaya, ta ajiye saƙo ta juya, kuma a kan matakala ta ci karo da mai gyaran famfon yana saukowa da buhu a kafaɗa. Ta ƙara da dariya cewa ita ko kunna kwamfuta ba ta iya ba, wayarta ma jikokinta ke danna mata.

Sufeto ya duba durowar. Ba a ɓalle ta ba, an ma mayar da ita a kulle. Makullin yana inda Malama ke ɓoye shi, cikin aljihun wata tsohuwar kwat ta mijinta. Ya durƙusa ya leƙa bayan gado, ya ga soket babu komai a jiki. An tafi har da caja. A mota ya ce wa Saje bai taɓa ganin ɓarawon da ya rufe durowa, ya mayar da makulli, sannan ya ja ciki ƙarƙashin gado neman caja ba.

Duk da haka sai da aka kawo mai gyaran famfon. Ya zauna yana murza hularsa, ya rantse ko ƙofar ɗakin kwanan bai gani ba.

"Banɗakin da ka gyara, ta ina ake shigarsa?"

Mutumin ya amsa cewa ta ɗakin kwanan ne. Tsoro ne ya sa shi ƙarya. Buhun kuma tsofaffin kawunan famfo ne da guntayen bututu da ya kwashe bai tambaya ba. Aka je shagonsa aka zazzage buhun, ba a ga ko da waya ba. Sufeto ya ba da belinsa a ranar. Amma magana ta riga su fita. Mai kula da benen ya ce kada ya sake taka musu gida, gidajen da yake wa aiki suka daina kiransa, har yaransa aka fara nunawa da baki a layi.

Washegari Malama ta dawo da wayarta a hannu. Kwamfutar ta hau intanet. A shafin tsaron asusun ga wata lamba, rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu.

Sufeto ya gyara tabarau, ya buɗe wani shafin bincike a kwamfutar ofis, irin wanda kowa zai iya shiga, ya kwafe lambar a hankali. Ya yi wa Malama bayani yana dannawa: lambobin nan ba a watse suke ba, rabawa ake yi gungu-gungu, kowane gungu da mai shi a rajista, kuma shafin yana nuna kamfanin da ke shelanta wa duniya cewa ta wurinsa ake bi a kai ga gungun. Sakamako ya fito da taswira, da jan ɗigo a tsakiyar gari.

Malama ta miƙe tsaye, ta ce su tafi. Saje ya leƙa ya ce ɗigon a kan shataletale yake, in dai ɓarawon ba a ƙarƙashin agogon gari ya kama haya ba. Sufeto ya yi murmushi, ya nuna mata layin da ke ƙasa. Gungun na wani kamfanin wayar salula ne, ƙato, kuma dubban mutane kan hau lamba ɗaya a lokaci guda. Taswirar ƙiyasi ce kawai. Abin da lambar ta faɗa shi ne an haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayar wani. Sanin wayar wa sai da izinin kotu, da jira mai tsawo.

Ta koma ta zauna. Sufeto ya tambaya ko asusun na nuna saƙonnin da aka buɗe. Ta duba ta daɗe. Ta ce an buɗe da yawa, amma duk na mahaifiyarsa ne. Nata ko ɗaya ba a taɓa ba.

Sufeto ya sa aka kawo mata ruwa.

Ba a jima ba wata lamba ta sake fitowa, daban da ta farko. Wannan karon shafin ya nuna ɗan ƙaramin gungu. Hanyarsa ta bi ta wani kamfanin intanet, amma a rajista sunan wani asibiti ne, da titinsa, da lambar ofishin da ke kula da na'urorinsa. Sufeto bai yarda da shafi ɗaya ba. Ya buɗe wani ya bi sawun hanyar zango-zango, har ta tsaya a kan wata na'ura mai ɗauke da gajeren sunan asibitin.

Ya kira Malama ya karanta mata sunan. Ya tambaya ko ta san wani a can. Ta ce a'a da sauri. Can kuma ta ce ta janye ƙarar, kwamfutar ma ta tsufa.

"Malama, akwai mutumin da ya rasa abincinsa a kan maganar nan."

Sai ta fashe da kuka, ta ce surukarta ce ke kwance a can.

Shugaban asibitin ya ba da izini, ma'aikacin na'urorinsu ya duba, ya ce kwamfutar tana haɗe da intanet ɗin baƙi na ɗakin tsofaffi mata. Suka hau su uku, Sufeto da Saje da Malama. Tun kafin su kai gadon ƙarshe suka ji muryar namiji tana dariya a bayan labule.

"Mama, kin ci abinci kuwa? Kada ki ce mini kin ƙoshi, na san halinki."

Malama ta dafa bango. Sufeto ya jira har ta ɗago, sannan ya ja labulen.

Tsohuwar tana jingine da filo, idanunta sun yi fari, fuskarta a sake tana murmushi. Kwamfutar na kan ɗan teburin gefen gado. Yaya na zaune da kwano da cokali, ta kai loma bakin tsohuwar ke nan. Da ta gan su ba ta firgita ba. Ta tsayar da muryar, ta ce wa uwarta layi ne ya yanke, ta fito baranda.

Ba a sha wuya da ita ba. Tun da Mama ta samu shanyewar ɓarin jiki tunaninta ke zuwa yana komawa. An sha faɗa mata Auta ya rasu, ta yi kuka kamar ranta zai fita, gari ya waye ta manta, ta sake tambayarsa. Daga baya ta rufe baki, ta ce ba ta ci sai ta ji daga gare shi. Wayarta mai saƙonninsa ta daɗe da lalacewa. Yaya ta roƙi Malama ta ba ta kwamfutar, Malama ta ce ba za a yaudari tsohuwa da muryar mamaci ba. Likita kuma ya fara maganar sa mata robar abinci ta hanci.

"Sai na ɗauka, Yallaɓai. Na ce in ta samu ƙarfi in mayar ba wanda ya sani. Na fara da intanet ɗin wayata, da ya ƙare wata nas ta haɗa mini da na asibiti."

"Mai gyaran famfon fa?"

Ta ce ta gan shi da buhu da gaske, amma ta san abin da take yi da ta ambace shi. Ta ɗauka za a tambaye shi a sallame shi. Ta juya wurin Malama ta ce Allah ne shaidarta, ba ta buɗe saƙonta ko ɗaya ba.

Malama ta ce ta sani. Ta ce ta yafe, duniya da lahira, kuma da ta taka ta zo ta ga yadda Mama ta rame, da ba a kai ga haka ba. Sufeto ya bar su suka yi kukansu. Bayan nan ya ce maganar kwamfuta tsakaninsu ce, mai kaya ta yafe. Amma bayanin ƙarya da aka ba hukuma, da sunan mutumin da aka ɓata, wannan ba Malama ce za ta yafe ba. Dole Yaya ta bi su ofis.

Yaya ta gyaɗa kai. Ta roƙi a bar ta ta ƙarasa ba Mama abincin, don in ya huce ba ta ci. Malama ta miƙa hannu ta karɓi kwanon.

Sufeto ya rubuta lambar jikin kwamfutar, ya damƙa ta ga mai ita. Malama ba ta rufe murfin ba. Ta zauna a kujerar da Yaya ta tashi, tsohuwar ta laluba ta kama wuyan hannunta.

"Wace ce? Matar Auta ce? Ina ya shiga kuma?"

Malama ta daɗe tana kallon allon.

"Ni ce, Mama. Buɗe bakin tukuna, bari ki ji shi."

Ba a sa wa Yaya ankwa ba. Saje ya ɗaukar mata jakarta, Sufeto ya rage sauri saboda gwiwarta. Suka shiga mota. Sai da suka hau titi Yaya ta tambaya ko mai gyaran famfon yana da iyali. Sufeto ya ce yana da mata da yara ƙanana.

"Don Allah, Yallaɓai, ku bi da ni ta layinsu. A gaban maƙwabtansa nake so in faɗa."

Sufeto ya dubi Saje. Saje ya kunna sigina, ya karya kan motar hagu.