Kujerar Gaba

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Baba Direba ya shigo da motarsa cikin gida ya kashe ta a ƙarƙashin rumfar kwano. Bai fito nan da nan ba. Ya zauna yana duban allurar mai. Da safe ya cika tanki, ga shi allurar ta sauko kamar ana jan ta da zare.

Tsohuwar mota ce, ruwan toka, wadda ya saya sa'ad da ya ajiye aikin tuƙi. Da ita yake ɗauko matarsa kowace yamma daga asibitin da take aikin ungozoma. Matar ta rasu bara. Gidan ya rage daga shi sai 'yarsa Auta, mai ɗinki. Har yanzu yakan fita a daidai wannan lokacin, ya ce shan iska zai je, Auta kuma ba ta tambaya.

Yana rufe ƙofarsa sai dutse ya faɗo a kan kwanon rumfar, ya gangaro a hankali ya tsaya a gabansa. Keken ɗinkin Auta ya yi shiru a cikin ɗaki. Da ya waiwaya, sai ya ga ƙofar kujerar gaba a buɗe. Ya zagaya ya rufe ta, ya shiga ɗaki.

Washegari ya kai motar garejin Dogo bakanike. Dogo ya yini a kanta, ya fito daga ƙarƙashi yana goge hannu da tsumma.

"Baba, na duba fulogi, na wanke kafireta, na canja matatar iska. Birki ba ya riƙewa, tayoyi da iskarsu, tanki ba ya yoyo, ko baƙin hayaƙi ba ta yi. Ko dai haya kake yi da ita a ɓoye, mu ba ka rage mana hanya?"

Baba bai yi dariya ba.

"Mota mai lafiya," in ji Dogo, "abu biyu ke sa ta shan mai haka. Ko ta daɗe a tsaye inji na aiki, ko kaya sun yi mata yawa. Dubi yadda ta karkata ɓangaren fasinja, kamar wani ƙato na zaune."

Suka tsaya suna duban kujerar. Babu komai a kai sai tsohon mayafin marigayiya a ninke.

Jifa bai daina ba. Kullum da faɗuwar rana dutse yakan sauka a kan kwano, wani lokaci kuma a ji kamar wata na gyaran murya a cikin rumfar. Sai Auta ta daina ɗinki. Ta daina ci, sai ruwa kaɗan. Masu kaya suka zo suka karɓi yadinsu ba a yanka ba. Wata yamma Baba ya fito da makulli a hannu, ya same ta zaune a kujerar gaba, mayafin a kanta, hannuwa a cinya.

"Auta, me kike yi a nan?"

"Lokaci ya yi," in ji wata murya ta tsohuwa daga bakinta. "Mu je."

Maƙwabci ne ya kawo Malam, wani dattijo mara yawan magana. Bai ce a fito da ita ba. Ya sa kujera kusa da ƙofar motar ya zauna, ya yi ta karatu har hasken tsakar gida ya koma ja. Can Auta ta juyo da kanta a hankali.

"Ya isa, Malam. Kunnena ƙalau."

"Wace ce ke?"

"Fasinja."

"Wa ya ba ki izinin shiga gidan nan?"

"Mai gidan. Ga shi nan tsaye, tambaye shi." Muryar ta yi tari. "Ina zaune a bishiyar ƙofar asibiti tun kafin a kafa ginin. Kullum yakan zo ya tsaya, inji na kaɗawa, har ma'aikata su gama fita, har mai gadi ya ja ƙofa. Sai ya miƙa hannu ya buɗe nan, ya ce, 'Shigo mu je gida.' Na duba ko'ina, ba kowa sai ni. Tun da nake, ba a taɓa kirana gida ba."

Malam bai dubi Baba ba. "To yarinyar fa, me ta yi miki?"

"Ba ta yi komai ba. Mota akwai sanyi. Ita kuwa tun da uwarta ta tafi rabin jikinta ba kowa a ciki."

"Za ki fita."

"A bar mini motar."

"Ba ki da mota."

"To ya ci gaba da zuwa, ko da gaisuwa ce."

"Ba zai zo ba."

Wani ɗan dutse ya gangaro daga kwano ba ƙarfi.

"Wanda ya ce shigo, shi zai ce sauka," in ji muryar. "Da bakinsa, a inda ya ɗauke ni. Kuma kada ya sake buɗe ƙofar nan a can. Akwai wasu a bishiyar, ba su kai ni kunya ba."

"Baba, ka ji," in ji Malam.

Baba yana juya makullin a hannunsa. Da ƙyar aka ji abin da ya ce.

"In na daina zuwa, wa zai ɗauko uwar Auta?"

Malam ya kama hannun Auta ya ɗaga shi kaɗan. Awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. Baba ya daɗe yana duban wuyan hannun nan, sa'an nan ya shiga ya tada mota.

Malam ya mai da Auta kujerar baya ya zauna kusa da ita. Mayafin aka bari a gaba. Suka bi hanyar da motar ta fi sani, fitilun shaguna suna kamawa ɗaya bayan ɗaya. A ƙofar asibiti ma'aikatan yamma suna fitowa da jakunkunansu. Baba ya tsaya a gindin bishiyar, ya kashe inji. Ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar.

"Sauka," ya ce. "Ba zan ƙara zuwa ba."

Motar ta ɗago ta ɓangaren fasinja, ƙarfenta ya yi ɗan kuka. A baya Auta ta ja numfashi, ta ce da muryarta, "Baba, yunwa nake ji."

Ya jawo ƙofar ya rufe.

Bayan wani lokaci Dogo ya biyo ta layin, ya leƙa rumfar. Motar tana tsaye daidai a kan ƙafafunta.

"Baba, shiru ba ka dawo ba. Wa ya gyara maka ita?"

"Ba kowa."

"Shan man fa?"

"Ta daina."

Dogo ya shafa gilashi da tafin hannu ya leƙa. Ƙura ta kwanta a kan sitiyari. Daga cikin ɗaki ana jin keken ɗinki yana tafiya. Rana ta kusa faɗuwa, Baba yana zaune a kan benci da makullin a aljihunsa, tanki a cike.