Ranar da Mai Fenti Ya Ɗaga Kai

"Ba zan ba mashayi 'yata ba, Inna. Na gama magana."

Auta ke nan, ɗana. Gemu ya yi furfura, hankali kuwa yana nan inda na bar shi. Yana tsaye a ƙofar ɗakina yana huci, 'yarsa, takwarata, tana bayana ta jiƙa mini zane da hawaye.

"Baba, wallahi ba ya sha... ciwo ne."

"Asibiti nawa kuka je?"

"Uku."

"Me suka gani?"

Ta ƙara cusa fuska a zanena.

"To, abin da likita uku ba su gani ba, ni na gan shi a falona. Ranar Asabar zan aika wa iyayensa cewa an fasa."

Na ce, "Ka gama? To ja mini ƙofa, kana shigo mini da ƙuda."

Ga yadda aka yi. Yaron da zai aure ta mai fenti ne. Saura wata biyu biki ya zo gaida Auta. Auta da shegen son aikin kyauta, sai ya nuna masa silin falo inda ruwa ya yi tabo, wai ko zai gyaru. Yaro ya ɗaga kai. Sai ya yi taga-taga, ya kama labule, labule ya bi shi, suka zube kan tebur su biyu. Auta ya sunkuya zai ɗaga shi, ya ji warin ruwan nan da suke wanke burushi da shi. Shi ke nan, ya yanke hukunci.

Daga nan aka shiga yawon asibiti. Na farko suka ce jininsa ya yi ƙasa. Na biyu suka ce ya yi sama. Na uku suka cusa shi cikin wani inji kamar kabari, suka ɗauki hoton kansa, suka ce lafiya lau, damuwar aure ce. Damuwar aure! Da tana kayar da mutum, da babu namiji ko ɗaya a tsaye.

Masu ba shi aiki ma suka janye. Wa zai ɗora mai layi a kan tsani?

Ni dai haushi nake ji, na kowa. Na zauna da mashayi shekara ashirin da ɗaya, uban Auta, Allah ya jiƙansa tunda dole a ce haka. Auta ne yake kinkimo shi daga bakin titi mutane suna dariya, shi ya sa ko tuntuɓe mutum ya yi sai ya shinshina bakinsa. Amma ni na san tafiyar mashayi. Mashayi yana layi yana jin daɗi. Wannan yaron yana layi idonsa cike da tsoro.

Ranar Laraba na aika ya zo. Na bar shi da takwarata a zaure, na zauna bayan ƙofa ina tsintar shinkafar da babu tsakuwa a ciki.

"Ki bi maganar Baba," in ji shi. "Me za ki yi da mijin da ba ya iya tsayuwa?"

"Kai ma korata za ka yi?"

"Zuciyata, wata uku ke nan a zaune nake barci, na jingina da bango. In na kwanta ɗakin juyawa yake..."

"Kuma ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Kar ki raina ni."

"Ni? Ni da nake bin ka asibiti ina riƙe maka kati?"

Na ture ƙofa. "Kun ishe ni. Kai, Mai Fenti, sauko mini da kwandon can na saman ƙofa."

Ya ɗaga kai. Ina kallonsa, idonsa ya fara rawa, ya dafe bango, ya sulale ƙasa. Na bari ya dawo hayyacinsa, na sa shi ya yi tafiya daga ƙofa zuwa ƙofa. Tsaf, kamar soja.

"In ka je wurin likita, yaya kake zama?"

"Kamar yadda ake zama, Kaka."

"Kai a ƙasa, wuya a sandare, ana tambayarka kana cewa da sauƙi. Ka gaya musu kana kallon sama yake zuwa? Ka gaya musu kwanciya ta gagare ka?"

"Ba su tambaya ba."

"Sannu, ɗan ladabi. Ladabi zai cinye maka mata."

Nan takwara ta fasa ƙwai: ashe likita na uku ya ba shi takarda ya kai wa likitar kunne, ya ninke ya sa aljihu. Wai kunnensa ƙalau, yana jin magana. Na ce lallai yana ji, amfani da ita ne ba ya yi.

Washegari da safe na tashi da ciwo. Na kama gado, na kama bango, na kira salati. Auta ya shigo a guje. Na ce kunnena ne, ya kai ni wurin likitar kunne yanzu-yanzu. Allah ya yafe mini, layin da na yi har mota ko ubansa bai taɓa yin irinsa ba.

Muna shiga ya hango takwara da Mai Fenti a kan benci, yadda na shirya da su. Fuskarsa ta haɗe.

"Inna, mene ne wannan?"

"Na warke. Zauna."

"Ni za ki yi wa wasa da hankali?"

"Ni na ba ka shi, in na ga dama in yi wasa da abina. In ka fita daga nan, ka nemi wata uwar."

Ya zauna.

Mu huɗu muka shiga. Likitar, wata 'yar siririya, ta fara tambaya, yaro ya sunkuyar da kai zai fara da sauƙinsa. Na ce, "'Yar nan, bar shi, ni zan faɗa. A tsaye lafiya, a tafe lafiya. Ya kalli sama ko ya kwanta, duniya ta kife."

Ta ajiye biro. "Ka taɓa buge kai?"

Sai a lokacin ya tuna wani ƙarfe da ya make shi a wurin aiki. Wannan ma bai gaya wa kowa ba.

Ta zaunar da shi kan gado, ta juya kansa gefe, ta kwantar da shi da sauri. Ya ƙwala ƙara, ya miƙa hannu yana laluben abin kamawa. Hannun Auta ya samu.

"Baba, matso ka ga idonsa," in ji likita.

Ƙwayar idon tana ta fizga ita kaɗai. Likita ta ce wannan babu mai iya yinsa da gangan. Wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne a can cikin kunne, kowa yana da su, nasa sun gangara inda bai kamata ba. Za ta juya kansa ta mayar da su, ya dawo ta sake dubawa, kuma kar ya hau tsani sai ta ce.

"Ba... ba shaye-shaye ba ne?" in ji Auta.

"Wa ya ce shaye-shaye ne?"

Na kalli silin. Nasu ma yana son fenti.

Da aka gama, Auta ne ya tashe shi. Ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin hammatar yaron, ya zagaya hannu a ƙugunsa, irin riƙon da ya koya a jikin ubansa. Sai na ga gemun yana ɗiga.

"Ka yafe mini, ɗana."

"Baba, ni ne na ɓoye..."

"Rufe mini baki. Sakarai kawai. Da ka kashe mini yarinya da kunyarka."

Takwara tana kuka tana dariya. Na ce su yi su gama, ƙafata ciwo take, wannan karon da gaske.

An yi biki a ranar da aka sa. Bayan likita ta sallame shi, Mai Fenti ya zo ya gyara silin nan na falo, kyauta, yadda Auta ya so tun farko. Sai dai Auta bai bar shi ya hau shi kaɗai ba. Yana ƙasa ya rungume tsani da hannu biyu, tun safe har azahar, yana zaginsa ya sauko haka nan.