Sharhi a Kan Takardar Baba

A ɗakin karatu na jami'a suka haɗu, wajen soket ɗin caji ɗaya tilo da ke aiki. Ita ta riga shi, kwamfutarsa kuma na dab da mutuwa. Da ya matso neman alfarma, sai ya ga ta buɗe manhajar nan da ɗaliban bincike ke tara takardu a rumbu guda, kowa ya ajiye abin da ya karanta, ya bar sharhi. Duk layin da ya burge ta, da rawaya take shafe shi.

"Ke ce mai rawayar nan? Kullum ina bin sawunki a rumbu."

"Kai ne mai dogon sharhi? Bawan Allah, ba ka gajiya?"

Daga ranar ta zama 'Yar Rawaya, shi kuma Sarkin Sharhi. Soyayyar 'yan boko sai su. Wasu turare suke kai wa budurwa, shi bincike a kan ruwan rijiya yake ajiye mata.

"'Yar Rawayata," ya rubuto, "na ajiye miki wata takarda. Ba ta da daɗi, amma ina so idonki ya bi inda nawa ya bi."

"Sarkina, na karanta. Barci ta sa ni, amma da murmushi."

Magana ta kai gida, har mahaifinta, wanda farfesa ne, ya ce a turo. Sai mai kula da rumbun, wani ɗalibi ɗan lelen Farfesa da ya daɗe yana sonta, ya tono wani tsohon sharhi ya kai wa Farfesa. Tun kafin Sarkin Sharhi ya san ta ya rubuta shi a kan takardar da Farfesa ya yi suna da ita: "Aikin ya tsufa, kuma akwai kuskure a lissafin." Shi a zatonsa don kansa ya ajiye, ashe a fili ya bar shi, kowa na gani.

Farfesa bai ɗaga murya ba. "Yaron da ya kunyata ni gaban ɗalibaina ba zai zama surukina ba."

Sarkin Sharhi ya je gogewa, ya tarar mai kula da rumbu ya kulle shafin. Ya je ofis ban haƙuri, aka ce Farfesa ba ya ganin kowa. Mama, mahaifiyarta, ta sa baki, aka ce ta bar maganar. Ita kuwa rawayarta ta ɓace daga rumbu, kullum sai ya duba, babu. Tausayi yake ba kowa.

"Ka san babana ne ka rubuta?" ta turo.

"Wallahi lokacin ban san ki ba. Ban san abin da zan yi ba, 'Yar Rawaya."

"Ni ma haka. Ba zan saɓa masa ba, kuma na kasa daina sonka."

Haushi ne ya sa Farfesa ya sauko da takardar daga kanta, don ya ƙaryata yaron. Ya wuni a falo da biro, shayinsa ya huce. Washegari ya aika a kira shi.

Sarkin Sharhi ya zauna a ƙasa.

"Ina kuskuren?" in ji Farfesa.

"A jadawalin ƙarshe, Baba, bayan manazarta."

"Har can ka kai?"

"Na karanta duka. Ka yafe mini, da an buɗe zan goge."

Farfesa ya cire tabarau, ya daɗe yana murza ido.

"Kada ka taɓa shi. Shekara da shekaru ana ambaton takardar nan, ashe ba mai wuce shafin farko. Wanda ya kawo ƙararka ma na tambaye shi, bai san da jadawali ba." Ya juya wajen labule. "Fito, na san kina nan."

Ta fito da hawaye shaɓe-shaɓe, Mama na bayanta tana ta hamdala.

Ranar ɗaurin aure, 'yan rumbu suka tarar da sabuwar amsa a ƙasan tsohon sharhin, daga Farfesa da kansa:

"Mai sharhi ya yi gaskiya. Na gyara lissafin, na kuma ba shi 'yata. Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuriya mai karatu har ƙarshe."

Kafin azahar, amarya ta shafe shi duka da rawaya.