Rami na Sha Huɗu

Gobe yara ɗari biyu za su rubuta jarrabawa a cibiyar kwamfutarmu ta Ƙanƙara, ga rami na sha huɗu cikin ramukan soka waya a na'urar rarraba intanet yana ta kulle kansa. Ni na saita shi haka: in ya ji baƙuwar na'ura na magana ta wayarsa, ya rufe. Ya fi maigadinmu sanin aikinsa.

Bayan isha'i na bi wayar har ɗakin ajiya. Ƙamshin kafur ya tare ni. Wani ƙato na tsugune a duhu, kan wayar cikin bakinsa.

"Malam, lafiya?" na ce.

Bai motsa leɓe ba, amma murya ta fito daga gare shi.

"Baban Adama, buɗe mini ramin mana."

Muryar Hamida ce, matata da muka binne bara a Sheme.