Rijiyar Tsakiyar Katanga

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ko da dogon jira ne.

A Kwarbai, cikin birnin Zariya, akwai wata rijiya da kakanni suka haƙa a tsakiyar katanga. Rabin bakinta a gidan Malam Bahago maɗinki, rabi a gidan Iya Ummukulsum, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Kowa ya zura gugansa ta nasa gefen, a gaisa ta kafar da aka bari a bango, a ɗan taɓa tsegumi, a watse.

To, lokacin da gwamnati ta ce duk ƙasa tana hannunta, kowane mai gida ya nemi takardar shaidar mallaka, sai Malam Bahago ya tsorata ya kai kansa ofishin filaye. Aka turo masu awo.

'Yarsa Sailuba tana jan ruwa, sai ga hannu ya ɓullo ta kafar, riƙe da bakin tef ɗin awo.

"Baiwar Allah, kama mini nan."

Ta leƙa. Dogon saurayi ne, biro a kunne, gumi har wuya.

"Har rijiyar za ku auna? Ruwan fa, a kwano za ku kai wa gwamna?"

Dariya ta kama shi, tef ya suɓuce ya faɗa ruwa, sai da ƙugiya aka fiddo shi. Aƙilu sunansa, amma daga ranar ta raɗa masa Mai Igiya.

Awo ya ƙare, zuwan Aƙilu bai ƙare ba. Duk Juma'a da la'asar yana zaure.

"Sailu tawa, na auna gonaki, na auna kasuwa, na kasa auna abin da kike a zuciyata."

"Tef ɗinka ne ya jiƙe," in ji ta, tana rufe fuska da gefen mayafi.

Da magabatansa suka zo, Malam Bahago bai ƙi ba. Ya dai ce, "Bari takarda ta fito, mu haɗa murna biyu."

Wannan magana ita ta cinye musu shekaru. Fayil ya tafi Kaduna, ya dawo wai babu hatimi. Ya koma, mai sa hannu ya tafi hutu. Ya dawo daga hutu, aka yi masa canjin wurin aiki. Aka sake gwamna, aka sake wani. Malam Bahago ya kashe takalma a hanyar ofis. Ƙawayen Sailuba suka yi aure, ta je sunan 'ya'yansu, ta dawo ta kwanta ba ta ci tuwo ba. Ga Shehu ɗan dillali ya ɓullo neman aurenta da sabon babur, yana cewa shi ya san manya a Kaduna, har mahaifiyarta Rakiya ta fara cewa, "Ke, jira ba ado ba ne."

Sannan labari mai daɗi ya zo: saura mai unguwa ya nuna wa maƙwabta zanen gidan, in ba mai ja, gwamna ya sa hannu.

Washegari Sailuba ba ta ji ƙarar gugan Iya ba. Rana ta biyu ma shiru. Ta duba, an toshe kafar da tsohon faifai. Ta zagaya ta ƙofa, ta tarar da mai garuwa yana juye wa tsohuwa ruwa a randa.

"Iya, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Mai unguwa ya nuna mini zane, rijiya ta zama taku. Ni ba na ja da gwamnati, kuma ba na roƙon ruwa a cikin gidana."

Da Sailuba ta faɗa wa Malam Bahago, ya aika a kira Aƙilu.

"Baba, a aikinmu layi ba ya ratsa rijiya," in ji Aƙilu, kansa a ƙasa. "Dole ta faɗa gefe guda. Na ga gara ta faɗo gidanku. Na ɗauka alheri na yi."

"Alheri? Ranar da uwata ta rasu, Iya ce ta ja ruwan da aka yi mata wanka, ta wancan gefen. Yau ka mai da ni ɓarawon ruwa a unguwar da aka haife ni. Tashi. Kada in ƙara ganin takalminka a zaurena."

Sailuba ta sha kuka har ya ishe ta. Bayan kwanaki ta ji an kira sunanta a hankali ta bayan faifan. Aƙilu ne, ya roƙi Iya ta bar shi ya tsaya a gefenta.

"Sailu, in na janye zanen, fayil ya koma farko. Kuma za a tuhume ni a ofis."

"Na gaji, Mai Igiya. Wallahi na gaji da jira, har ƙasusuwana. Amma ba zan shiga ɗakinka Iya tana sayen ruwa ba."

Ya ce, "To, shi ke nan."

Ya je ya faɗi kuskurensa da bakinsa, aka hana shi ƙarin girma. Ya dawo da tef, ya ce Iya da kanta ta kama baki ɗaya, Malam Bahago ɗaya. Ya karya layin, ya zagaye rijiyar, ya fitar da ita daga gidajen biyu, ya rubuta ta ruwan tarayya.

Iya ta cire faifanta, ta leƙo.

"Bahago, yaushe ne biki?"

"Iya, ai takarda ta koma farko."

"Takardar ce za ta ɗaura auren? Da aka kawo uwarka gidan nan, wane gwamna ya sa hannu? Yarinya ta tsufa a gabanka kana jiran hatimi!"

Malam Bahago ya sosa ƙeya. "A kawo goro," in ji shi.

Aka ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Iya ce ta ja ruwan wankan amarya, tana cewa, "Allah Ya ba ku zama mai sanyi kamar ruwan nan, Ya sa kun gama jira ke nan."

Shehu ya auri wata a Tudun Wada. Iya ta ci gaba da zura guganta har Allah Ya karɓi abinsa. Aƙilu da Sailuba suka zauna lafiya, suka sa wa 'yarsu ta fari Ummukulsum. Takardar kuwa ta fito shekarar da yarinyar ta shiga firamare. Malam Bahago ya juya ta gaba da baya, ya tura ta ƙarƙashin katifa, ya koma kan kekensa na ɗinki.